Senti 75: Sharhi kan Littattafan Clifford Stoll Guda Biyu



Akwai wani kwali a ƙarƙashin gadona da uwargida ta yi shekaru tana neman in zubar. A cikinsa akwai modem biyu, da tarin disket da babu sauran na'urar da za ta karanta su a gidan, da igiyoyin da ni kaina na manta bakin me suke shiga, sai littattafai biyu na wani Ba'amurke mai suna Clifford Stoll. Watan jiya da ta sake tayar da maganar, na jawo kwalin da niyyar rabuwa da shi, sai na ɓige da karatu har aka kira Asuba. Kwalin dai yana nan inda yake.

Littafi na farko mutumin da kwamfuta ta shiga ransa ne ya rubuta shi. Na biyu, bayan shekara 6, mutumin da ta fita daga ransa. Kuma mutum ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa kwana a gaban ordinater, kamar yadda muke ce mata a nan, lokacin yana da jini a jika, yau kuma ko sabuwar salula aka miƙo masa sai ya ce a ba yara su saita, to ya san wannan labari tun kafin ya buɗe shafin farko. Ni na san shi. Na yi shekara bakwai ina riƙe da siber a Damagaram a farkon shekarun 2000, yanzu kuwa tumaki nake kiwo.

Na farkon, The Cuckoo's Egg, ya fito a 1989. Fassararsa ta Faransanci na fara samu, Le Nid du coucou, a wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi a Yamai. Stoll masanin taurari ne da kuɗin bincikensa suka ƙare, sai aka mayar da shi ɗakin kwamfuta na cibiyar binciken Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya don kada ya zauna haka nan. A 1986 ke nan, yana da shekara 36. A wancan zamani lokacin kwamfuta sayar da shi ake yi, kowane mai bincike ana lissafa masa abin da ya ci. Sai aka ga lissafi bai daidaita ba da senti 75, kuɗin daƙiƙa 9 da babu wanda ya biya. Aka ba baƙo aikin, irin aikin da ake ba sabon zuwa don a ga kamun ludayinsa.

Wani zai ce kuskuren lissafi ne ya share ya tafi cin abinci. Stoll ya ƙi. Ya bi senti 75 ɗin nan har wata goma, sai da suka kai shi birnin Hanoba na Jamus ta Yamma, wajen wani saurayi, Markus Hess, da ke ratsawa ta kwamfutar Berkeley yana shiga ta sojojin Amurka, shi da abokansa suna sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet abin da suka kwaso. Sunan littafin daga dabarar ɓarawon ya fito. Akwai tsuntsun da ke saka ƙwai a sheƙar wani ya bar masa wahalar ƙyanƙyasa. Haka Hess ya yi: ya sami wata ɓaraka a manhajar Emacs, ya ajiye ɗan shirinsa a wurin da kwamfutar ke ɗauka nata ne, bayan minti 5 ita da kanta ta tayar da shi, ta miƙa masa makullan gida gaba ɗaya.

Abin da ya sa littafin ke da rai har yau, a ganina, shi ne yadda aikin yake na hannu. A ƙarshen wani mako Stoll ya zagaya ofisoshin abokan aikinsa ya kwaso firintoci da na'urori wajen 50 ba tare da ya tambayi kowa ba, ya jona su a layukan tarho da ke shigowa cibiyar, ya shimfiɗa bargo a ƙasa ya kwana a tsakaninsu, yana jiran wadda za ta fara bugawa. Idan ya ga ɓarawon zai kwashi abu mai haɗari, ba ya katse layin, don kada ya gane ana kallonsa; sai ya ciro makullansa na aljihu ya goga a kan wayoyin, layin ya yi ta ƙara kamar matsalar tarho ce kawai. Da ma'aikatan tarhon Jamus suka ce sai ɓarawon ya daɗe a kan layi kafin su iya gano gidansa, saboda na'urorin Hanoba tsofaffi ne, mutum ne ke bin waya da ido, sai budurwar Stoll ta kawo shawarar a yi masa tarko. Suka ƙirƙiri takardun ƙarya masu yawa game da shirin Shugaba Reagan na kakkaɓo makamai daga sararin samaniya, ɓarawon ya zauna yana kwasa, aka bi shi har ƙofar ɗaki. A 1990 kotu ta yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka.

A tsakanin wannan duka akwai takalmin da ya saka a na'urar ɗumama abinci don ya bushe ya narke, akwai ma yadda ake yin wani biskit mai cakulan da ya rubuta a ƙasan shafi. Waɗansu masu sharhi na ganin wannan shirme ne. Ni ban gan shi haka ba. Mai son abu haka yake ba da labari, komai na ranar yana da daɗi a bakinsa.

Amma ƙashin bayan littafin wani abu ne daban, kuma a kansa sharhin nan ya tsaya. Stoll yana da littafin ajiye bayanai. Duk abin da ya faru sai ya rubuta ranar da sa'ar da abin da ya gani, ya raba shi da abin da yake zato. Tarbiyyar masu kallon taurari ce: abin da ba ka rubuta ba, ba ka gani ba. Har nisan ɓarawon ya auna, ta hanyar lissafa lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Saboda haka mai karatu ba ya jin ana jan sa da hanci. Kowace magana tana da shaidarta a gefe, kuma idan marubucin ya yi kuskuren zato, yana faɗa.

Sai littafi na biyu, Silicon Snake Oil, na 1995. Wannan da Ingilishi na karanta shi, da ƙamus a cinya, wani ɗan'uwa ne ya kawo mini daga Kano. Ma'anar sunan ita ce maganin ƴan tasha, irin na mai lasifika da kwalba ɗaya tana maganin basir da ciwon baya da rashin aure. Stoll na cewa haka ake tallar intanet. Ya buɗe da labarin shiga kogon dutse na gaskiya, da rarrafe da duhu, don ya nuna abin da allon kwamfuta ba zai taɓa ba ka ba. Daga nan ya bi ta kan makarantu da ɗakunan karatu da wasiƙa da ciniki, ko'ina hukuncinsa ɗaya: an yi mana alkawarin da ba za a cika ba, kuma muna zubar da abu mai kyau don mu rungumi inuwa. Ya yi kuka sosai a kan akwatunan katin ɗakunan karatu da ake fitarwa ana maye gurbinsu da kwamfuta.

A watan Fabrairun shekarar ya taƙaita ra'ayin a mujallar Newsweek, kuma wannan maƙala ita ce ta zame masa tabo. A ciki ya nuna intanet ba za ta maye gurbin jarida ba, ciniki ta waya ba zai yi tasiri ba tunda babu ɗan kanti da zai tarbe ka kuma babu amintacciyar hanyar aika kuɗi. Ya ba da misalin yadda ya ɓata wajen minti 15 yana neman ranar da aka yi yaƙin Trafalgar. A watan Yulin wannan shekarar Amazon ta fara sayar da littattafai. A Satumba aka buɗe shafin da ya zama eBay. Ita kanta Newsweek ta daina fitowa a takarda a ƙarshen 2012, sai da ta yi fiye da shekara kafin ta dawo. Duk bayan ƴan shekaru sai matasa su tono maƙalar su yi ta dariya, shi ma a 2010 ya fito fili ya amsa cewa ya tafka kuskure.

Dariyar ba ta dame ni ba, kuma kuskuren hasashe ba shi ne laifin littafin ba. Kowa na iya cewa za a yi ruwa a wayi gari da rana. Laifinsa shi ne babu littafin ajiye bayanai a cikinsa. Mutumin da ya ƙi yarda senti 75 kuskure ne sai ya gani da idonsa, shi ne yanzu yake yanke wa duniya hukunci da abin da ya ji a ransa ranar da modem ya ba shi haushi. Minti 15 na Trafalgar gaskiya ne, amma awo ɗaya ne, a rana ɗaya, kuma Stoll na 1986 da ya tambaya: a bara minti nawa ne? Baɗi fa? Babi bayan babi tambayoyi ne da ba a jiran amsarsu, da labarin wani aboki da ya ce kaza, da komawa kan maganar da aka riga aka yi. Na farkon yana da wanda ake bi, saboda haka yana da gaba. Na biyun zagaye yake yi kamar raƙumin ban-ruwa. Ga alkalamin nan dai, ga barkwancin, amma an cire abin da ke riƙe su.

To me ya faru a shekara 6? Amsa mai sauƙi ita ce tsufa, kuma ita ake yawan bayarwa. Ban gamsu da ita ba, don shekararsa 44 lokacin da maƙalar ta fito, kuma da na sake karanta littafin farko a wannan karo sai na ga gajiyar tana ciki tun can. Stoll ɗan Berkeley ne mai dogon gashi da keke, wanda bai yarda da hukuma ba, sai ga shi yana buga wa FBI da CIA waya yana roƙon su kula. Abin da ya fi ƙona masa rai game da Hess bai kai ga asirin soja ba. Hanyar sadarwar da ya sani ƙaramin gari ce ta masu bincike, kowa ya bar ƙofarsa a buɗe don maƙwabci ya shigo ya ɗauki abin da yake so. Ɓarawo ɗaya ya isa ya sa kowa ya sayi kwaɗo. Littafin ya rufe da tsutsar Morris ta Nuwamban 1988, wadda ta durƙusar da dubban kwamfutoci cikin dare ɗaya. Wato tun a littafin soyayyar ana zaman makokin garin. Zuwa 1995 garin ya zama kasuwa, ƴan talla sun cika shi, su kuma ba su san an taɓa yin wani gari a wurin ba.

Kuma ku duba abin da ya koma yi. Kwalaben Klein yake sayarwa, wata kwalba ta masu lissafi da wuyanta ke lanƙwasawa ya huda jikinta ya haɗe da gindi, ta zama ba ta da ciki ba ta da waje. Yana ajiye su a ramin ƙarƙashin gidansa a Oakland, inda mutum ba ya iya miƙewa, sai ya ƙera ƴar mota mai kyamara da yake tuƙawa daga nesa tana ɗauko masa kwali. A 2004 ya rubuta wa mujallar Scientific American tarihin Curta, ƴar na'urar lissafi ta ƙarfe mai kama da abin niƙa barkono, wadda Curt Herzstark ya kammala zanenta yana tsare a sansanin Buchenwald. Wannan ba mutumin da ya gaji da na'ura ba ne. Abin da za a iya buɗewa a ga hanjinsa yake so, kuma da kwamfuta ta daina zama haka a wurinsa sai ya nemi wani. Cinikin kwalaben kuwa ta intanet yake yin sa, ita ɗin dai da ya ce ba za a yi ciniki a kanta ba.

Da a ce littafin ya tsaya a nan, ya ce ga abin da na so, ga yadda aka ƙwace mini shi, da ya zama ƙaramin littafi mai kyau ƙwarai. Donald Knuth, babban malamin ilimin kwamfuta na jami'ar Stanford, ya daina amfani da imel tun ranar 1 ga Janairun 1990, ya ce shekara 15 sun ishe shi, ya koma kan rubutun littattafansa. Bai ce kowa ya daina ba. Stoll shi ya ɗauki gajiyarsa ya mayar da ita doka, har ya ƙara da littafi na uku a 1999 yana cewa a fitar da kwamfuta daga aji.

A nan ne mai karatu daga wajenmu zai ga abin da mai karatu a Kalifoniya ba zai gani ba. Duk abin da Stoll ya ce a koma gare shi, yana da shi a bakin ƙofa: ɗakin karatu mai dubban littattafai, gidan waya da ke kawo wasiƙa cikin kwana biyu, jarida kowace safiya, tarho a kowane ɗaki. Gajiyar mai ƙoshi ce. Lokacin da nake karanta kukansa kan akwatin kati, babu jami'a a Damagaram, kuma ɗaliban da ke zuwa siber ɗina suna haɗa kuɗi su uku su sayi awa ɗaya, layi yana yankewa, kuran yana ɗaukewa, su kwafe shafi guda a disket su tafi suna murna. Wane kati za su koma wa? Da babu gara ba daɗi. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, shekarun da salula ke shiga gari bayan gari, ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Falken da a da sai ya hau mota ya yini a hanya don ya ji nawa tiya take a wata kasuwa, yanzu kira ɗaya ne. Wannan shi ne awo, irin wanda Stoll na farko zai girmama. A duk littafi na biyu ban ga inda ya tsaya ya tuna akwai mutanen da ba su da abin da yake kewa ba.

Ba na so in zalunce shi. Akwai inda ya hango daidai, har abin ya ba ni tsoro a wannan karatun. Ya ce wurin da kowa ke magana babu mai tacewa zai zama hayaniya, mai gaskiya da mai ƙarya muryarsu ɗaya. Wanda yake cikin zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa, inda saƙon murya na minti tara ke yawo da labarin mutuwar wanda ke zaune yana shan shayi, ba ya bukatar a fassara masa. Ya ce za a zauna ɗaki ɗaya kowa na kallon allonsa. Ku leƙa fada ta samari da dare. Sai dai ko a nan ma, ji ne ya ji a jikinsa ya dace, kamar yadda ya ji a jikinsa game da ciniki bai dace ba. Littafin bai ba ka hanyar rarrabe wannan da wancan ba. Shekaru ne suka rarrabe mana.

Abin da ya hana ni barci a daren nan kuwa ba Stoll ba ne. Na lura cewa maganganun da nake yi wa ɗana na fari idan na gan shi da waya, kusan babi-babi ne na littafi na biyu. Ba ku san komai ba, dannawa kawai kuka iya. Mu a zamaninmu sai ka buɗe ta. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ba ni na canza ba, na'urar ce aka rufe, aka manne ta da gam, aka mayar da mai ita ɗan kallo. Akwai gaskiya a ciki. Kwamfutar da na fara saya, da turnabis ɗaya, wato sukundireba, nake warware ta gaba ɗaya in mayar, kuma na san aikin kowane kati da ke cikinta. Amma wannan bayani ya yi mini daɗi da yawa, kuma littafin farko ya koya mini in yi zargin lissafin da ya daidaita da sauri.

Don haka ranar Alhamis da ta wuce, da salulata ta daina caji, ban aiki yaro ba, na tafi kasuwar Dole da kaina wajen masu gyara. Wanda na samu bai fi shekara 19 ba. Ya hura wa wayar iska mai zafi har gam ɗin ya saki, ya ɗaga bayanta da wani ɗan ƙarfe kamar reza, ya sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma. A gefensa wata wayar na nuna bidiyon wani mai gyara, da harshen da na tabbata ba ya ji, yana tsayar da shi yana komawa baya. Ya auna nan, ya auna can, ya ce ba bakin cajin ba ne kamar yadda na ce masa, wani ɗan abu ne a bayansa. Na ce ya canza bakin kawai in tafi, ina da sauri. Ya ce, "Baba, yi haƙuri, in na canza ma gobe za ka dawo. Bari in gano shi." Bai ɗago kai ba da yake maganar.

Na zauna a bencinsa kusan awa guda. Da ya gano, ya matsa gefe ya ce in duba ta madubin. Na cire tabarau, na mayar, na sake cirewa. Ya nuna mini da bakin hantsaki, ya ce ga shi nan ya ƙone, kusa da wancan mai sheƙi. Na ce masa na gani. Jika ɗaya da rabi ya karɓa.